Kalmar "Sorry" da Nauyin da Muke Ɗora Mata

A zamanin da nake ɗalibi, wata rana da hantsi, Baturiyar da ke koya mana Ingilishi ta fito daga aji rungume da tarin littattafanmu na rubutu, sai ta yi tuntuɓe da bakin dakali, littattafai suka watse, ita kuma ta dafa ƙasa da hannu biyu. Mu kuwa da muke tsaye a inuwar dalbejiya, mu wajen goma, muka haɗa baki muka ce mata "sorry", don haka aka hore mu tun muna goye, cewa wanda ya faɗi a gabanka sai ka yi masa sannu. Ta miƙe tana karkaɗe tufafinta, ta dube mu da mamaki, ta tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya tura ta. Washegari ta cinye rabin darasi tana yi mana bayani cewa wannan kalma ta mai laifi ce, wanda bai aikata kome ba ba shi da hurumin furta ta. Na karɓi wannan fatawa hannu bibbiyu, na riƙe ta shekaru masu yawa, har na riƙa gyara wa na bayana da ita, ina jin kaina wani shehin lugga. Sai da girma ya fara kama ni, na sami sukunin bin asalin kalmar a ƙamusoshin Turawan da kansu, sannan na gane cewa mu yaran nan na gindin dalbejiya mun fi malamarmu kusa da tushen maganar, ko da yake ba da sani muka yi ba.

Ga yadda abin yake. Ƙabilun da suka ƙetara teku daga arewacin Jamus da Danmak suka sauka tsibirin Ingila a ƙarni na 5 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, sun zo da wata kalma, "sar", wadda ma'anarta ciwo, ko miki, ko raɗaɗin da mutum ke ji a jikinsa. Ita ce har yau take raye a bakinsu da siffar "sore", wadda suke faɗi ga maƙogwaron da ya kumbura ko ƙafar da takalmi ya ci. Daga gare ta suka ciro siffa, "sarig", watau wanda ciwo ya cika shi, kamar dai yadda mu za mu ce majinyaci daga jinya; wannan siffar ce harsuna suka yi ta gogawa, ƙarni bayan ƙarni, har ta zama "sorry". Saboda haka wanda ya furta ta, in an bi haƙiƙar lafazin, abin da ya ce shi ne yana jin zafi. Bai ce shi ya jawo zafin ba, bai kuma ce wani ya jawo ba. Akwai wata kalma tasu ta baƙin ciki, "sorrow", wadda kowa zai rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da wannan, saboda kamar da ke tsakaninsu a ido da kunne, alhali malaman ishtiƙaƙi sun tabbatar tushensu daban. Zaman maƙwabtaka ne kawai ya sa ɗaya ta ari kamannin ɗaya, har rubutunsu ya zo kusa. Wani abin dariya kuma, 'yar'uwar "sore" ta jini da ta tsaya a Jamus ta zama "sehr", wadda a yau ba ta nufin kome sai "ƙwarai", tamkar yadda yaranmu ke cewa abinci ya yi mugun daɗi, ba kuwa mugunta suke nufi ba.

Larabci ma ya bi irin wannan hanya, don mai ba da haƙuri a Masar ko Sudan "asif" yake cewa, asalinta kuwa "asaf", baƙin ciki mai tsanani. Da alama ɗan Adam, ko ina yake, in ya tashi neman sulhu, da ambaton ciwon zuciyarsa yake farawa.

Bayan shekarar 1066, da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnoni, sai kalmomin fada irin su "pardon" da "excuse" da "regret" suka shigo suka zauna a kujerun gaba, ita kuwa "sorry" ta ci gaba da zamanta a cikin gida da kasuwa, tana ɗaukar kaya iri iri: wani lokaci ta nufi mai baƙin ciki, wani lokaci ta nufi abin tausayi, wulaƙantacce, kamar rakaɓaɓɓen doki ko gidan da damina ta ci. Yanke ta ita kaɗai a jefa wa mutum a matsayin ba da haƙuri kuwa sabon abu ne in an gwada da tsufanta, don a ƙarni na 19 ya bayyana a rubuce. Tun daga nan ta yi ta yaɗo kamar kabewa. Wanda ya taɓa zama a Landan ya san cewa mutum biyu za su yi karo a bakin ƙofar jirgin ƙasa, wanda ya taka da wanda aka taka duka su furta ta a tare. Wanda bai ji abin da aka faɗa ba ya furta ta da sigar tambaya. Mai son a matsa masa ya wuce ya furta ta. Mai shago da zai ce maka kaya sun ƙare ya fara da ita. Wanda zai ƙaryata ka a gaban jama'a, ya kuma yi maka kaca-kaca, shi ma da ita zai share fage. Sannan in aka yi maka rasuwa, da ita ɗin dai za a yi maka ta'aziyya. Wannan na ƙarshe shi ya rushe fatawar malamarmu, Allah ya jiƙan rai, don ba wanda ya taɓa zargin mai ta'aziyya da kisan mamaci saboda ya ce "sorry". Iyakar gaskiyarta ita ce, a al'adar mutanenta ba a cika faɗin ta ga wanda ya yi tuntuɓe ko ya yi atishawa ba. Wannan kuwa urfi ne na wani gari, ba hukuncin lugga ba ne.

Irin wannan lafazi shi malaman usulu ke kira mushtaraki, watau kalma ɗaya mai ɗauke da ma'anoni da dama, wadda ba a gane wacce ake nufi sai da ƙarina. Hausa kuwa a wannan babi ta yi rabon gado filla-filla, ta ba kowane hali nasa kaso. Wanda ya faɗi, ko yake jinya, ko ya sha aiki, sannu ake yi masa. Wanda gobara ko ɓarayi suka yi wa ta'adi, jaje ake zuwa yi masa. Wanda aka yi wa mutuwa, gaisuwa ake yi masa, a ce Allah ya jiƙan musulmi, ya ba da haƙurin rashi. Mai neman hanya da kaya a ka, gafara yake cewa. Wanda bai ji ba, na'am yake cewa. Wanda kuwa ya yi laifi, gabansa akwai matakala, daga "yi haƙuri" zuwa "a gafarce ni" zuwa "a yi mini afuwa", har zuwa ta ƙarshe mai nauyi, wadda ba a faɗin ta a tsaye, watau "na tuba". Uku daga cikin waɗannan daga Larabci muka aro su, kowacce da hotonta: gafara asalinta rufewa, kamar yadda kwalkwali ke rufe kan mayaƙi, afuwa asalinta shafewa, kamar yadda iska ke shafe sawu a rairayi, tuba kuwa asalinta komowa, mutum ya juya ya bar hanyar da ya ɗauka. Ba mu kaɗai ke da sannu ba. Yarabawa suna da "pele", Ibo suna da "ndo", masu Sawahili suna da "pole". Da Ingilishi ya zo ƙasashen nan ya tarar da wannan gurbi a zukatan mutane, shi kuwa ba shi da abin cike shi sai "sorry", sai mutane suka cusa ta a ciki, ta kuwa zauna daram, don asalinta na jin ciwo ya dace da wurin.

Don haka ina ganin lokaci ya yi da malaman makarantunmu za su daina zane yara a kan wannan. Yaron da ya ga tsohuwa ta zame a bakin rijiya ya ce mata "sorry" ladabi ya nuna, kuma Ingilishin da ya yi ingantacce ne a ƙasarsa. Turawan ma sun sallama cewa harshen ya fi ƙarfin mallakarsu, tun da a watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Nijeriya, har da "Kannywood" a cikinsu. Wanda zai tafi Ingila a gaya masa al'adarsu don kada ya sha mamaki irin wanda malamarmu ta sha. Wanda ke zaune a Kano ko Zariya a ƙyale shi da sannunsa.

Inda kalmar take da haɗari daban ne, can kuwa ba a cika duba ba. Tun da kalma ɗaya ce ke ɗauke da sannu da kuma tuba, mai wayo yana iya furta ta yana nufin sannu, ya bar wanda aka zalunta ya ɗauka tuba aka yi. Haka kuma mai tsoro yana iya ƙin furta ta sam, ko da sannu kawai ake bukata, don kada alƙali ya ɗauke ta a matsayin iƙirari. Wannan tsoro ya kai matsayin da likita a ƙasashen Turawa zai ga majinyacinsa ya mutu a hannunsa, ya kasa ce wa dangi kome, saboda lauya ya gargaɗe shi, har sai da majalisu suka sa baki. Jihar Massachusetts ta Amurka ta yi doka a 1986 cewa nuna juyayi ba ya zama hujja a kotu. Ingila ta sa irin wannan a dokarta ta diyya ta 2006, cewa ba da haƙuri shi kaɗai ba amsa laifin sakaci ba ne. Lardin British Columbia na Kanada ya yi tasa dokar a 2006 ɗin, lardin Ontario ya biyo baya a 2009. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: al'umma ta kai inda sai an kafa doka kafin mutum ya iya yi wa ɗan'uwansa sannu ba da fargaba ba. Da suna da kalmomi biyu kamar yadda muke da su, da wataƙila an huta da rabin wannan wahala.

A fagen mulki kuwa nan ne ake auna ta da ma'aunin zinariya. A Ostareliya, shekaru da dama cikin ƙarni na 20, hukuma ta riƙa ƙwace 'ya'yan mutanen asalin ƙasar daga hannun iyayensu, tana kai su gidajen renon gwamnati da na mishan. Da rahoton bincike ya fito a 1997, jama'a suka nemi gwamnati ta furta kalmar nan guda, har suka keɓe ranar 26 ga Mayu, tun daga 1998, suka sa mata sunan kalmar. Firayim Minista John Howard ya ƙi, ya tsaya a kan cewa mutanen yau ba za su ɗauki laifin mutanen jiya ba, iyakar abin da ya yarda majalisa ta bayyana a 1999 shi ne takaici. Sai da mulki ya sauya hannu, Kevin Rudd ya tashi a majalisa a Kanbera ranar 13 ga Fabrairu 2008 ya furta ta, ya maimaita, mutane suna kuka a fili. Amma jawabin nan bai zo da tsarin diyya daga gwamnatin tarayya ba a lokacin. A Kenya kuwa aka yi akasin haka: tsofaffin da aka azabtar a sansanonin Turawan mulki zamanin dokar ta-ɓaci ta Mau Mau, daga 1952 zuwa 1960, suka kai ƙara Landan, har a ranar 6 ga Yuni 2013 Ministan Harkokin Waje William Hague ya sanar a majalisa cewa za a biya fam miliyan 19.9 a kan mutum 5,228, ya ce gwamnati tana takaicin abin da ya faru, ya kuma ƙara da cewa ba ta amsa alhakin shari'a ba. Da Sarki Charles na Ingila ya je Nairobi a ƙarshen Oktoba 2023 ya ambaci baƙin ciki da takaici mai zurfi, ya tsaya nan. Watau wasu sun sami kalma ba kuɗi, wasu sun sami kuɗi ba kalma, kowane ɓangare kuwa ya tashi yana jin an rage masa wani abu. Ko ita kalmar tasu ta hukuma, "apology", in aka tone ta, daga Girkanci take, asalinta kuwa jawabin kare kai a gaban alƙalai, irin wanda Sukuratu ya yi a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, inda bai amsa laifi ko ɗaya ba.

Malamanmu sun daɗe da warware wannan mas'ala, ba kuwa da lafazi suka ɗaure ta ba. Imamu Nawawi a babin tuba na Riyadus Salihina ya kawo sharuɗɗa uku ga laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, watau barin laifin, da nadama a kansa, da ƙudurin ba za a koma ba har abada; in kuwa akwai haƙƙin ɗan Adam a ciki, sai na huɗu ya ƙaru, shi ne a sauke haƙƙin, a mayar da dukiya in dukiya ce, a nemi yafewa in mutunci ne aka ci. In aka ɗora "sorry" a kan wannan ma'auni, za a ga iyakar abin da take iya ɗauka shi ne sharaɗi ɗaya cikin huɗu, watau nadama, ita ma sai in mai faɗi da gaske yake. Sauran ukun ayyuka ne, harshe ba ya iya yin su.

Kada kuwa mu yi saurin yi wa Turawa dariya, don laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Mu duba tamu "yi haƙuri" da idon nahawu: fi'ili ne na umurni, wanda aka cuta shi ake umurta, aikin duka a kansa aka ɗora, mai laifi kuwa ko ambatonsa ba a yi ba a cikin jimlar. Bature mai cewa "sorry" ya dai ambaci kansa, ya ce shi ke jin ciwo. Namu kuwa cewa yake kai ka daure. A tsakanin tsara da tsara, ko daga ƙarami zuwa babba, ba laifi, don murya da durƙuso suna cike abin da lafazi ya bari. Amma in ta fito daga sama zuwa ƙasa, musamman in aka juya ta aka ce "a yi haƙuri", ba a san mai yi ba, ba a san wanda za a yi wa ba, sau da yawa ma'anarta ita ce an rufe magana. Ma'aikacin da aka riƙe wa albashi wata uku, a yi haƙuri. Matar da aka ci gadon marayunta, a yi haƙuri. Manomin da aka yanke wa gona, a yi haƙuri, haƙuri maganin zaman duniya. In ya sake ɗaga murya, sai ya zama shi ne mai laifi, don an ba shi haƙuri ya ƙi karɓa, dattawa kuma su ce ba shi da kunya. Haƙuri ɗabi'a ce ta annabawa, ba mai musun falalarsa. Abin da nake ƙi shi ne mai cin amana ya mai da shi garkuwa, yana wa'azinsa ga wanda ya cuta alhali abin da ya ci yana cikin aljihunsa.

Yanzu kuma ga baƙuwa ta zo ta haɗu da 'yar gida, sun ƙulla ƙawance. Watannin baya wani banki, wanda ba zan kama sunansa ba, ya zare mini kuɗi sau biyu a kan sayayya ɗaya. Na yi sawu huɗu, kowane zuwa wata yarinya mai fara'a takan ce mini, "Sori, Baba, a yi haƙuri," ta haɗa mini biyun a numfashi ɗaya, saƙonni kuma suna ta shigowa wayata suna bayyana damuwar bankin a kan duk wata matsala da wataƙila na fuskanta, kamar dai akwai shakka a kan ko na fuskanta. Ba na ganin laifin yarinyar, don abin da aka ba ta ke nan ta raba, kuma na tabbata sannun da ke cikin tata ta gaskiya ce. Amma dai na sha jin gafara sa, ƙaho kuwa sai a mako na bakwai na gan shi, ba tare da ko layi ɗaya da ya ce kuskuren nasu ne ba.

A cikin gidajenmu ma "sori" ta sami shiga, kuma na lura da dalilin da ya sa yara suka fi son ta: ba ta da nauyi a harshe. Yaron da zai yi gumi kafin ya ce wa mahaifinsa "Baba, na tuba", don faɗin haka sai da durƙusawa da sunkuyar da kai, yana iya jefa "sori" yana tafiya, idonsa a kan waya, saboda baƙon harshe ba ya taɓa mutum inda nasa ke taɓa shi. Haka mutum kan iya yin zagi da Turanci a inda kunya ba za ta bar shi ya yi da Hausa ba. Ba na cewa a kore ta, don ba a korar kalma da doka, kuma a wurin taka ƙafa a layin asibiti ko karo a bakin ƙofa ta fi "na tuba" dacewa nesa ba kusa ba, tun da ba kowane kuskure ne ya kai a durƙusa masa ba. Abin da na roƙi iyalina shi ne su bar ta a ƙananan wurare irin waɗannan, in abu ya kai na haƙƙi kuwa su komo Hausa.

Ran nan jikana ya buga ƙwallo a tsakar gida ya fasa wa kakarsa tulun da take sanyaya ruwa, wanda ta zo da shi daga garinsu tun tana amarya. Ya tsaya daga nesa ya ce, "Sori, Hajiya." Tsohuwa ta dubi ruwan da ke bin ƙasa, ta dubi yaron, ta ce, "Wane ne kuma Sori? In shi ya fasa, kira mini shi. In kuwa kai ne, matso nan." Ya matso, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya kamata da Hausa, ta sa shi ya tsince katangar tulun ɗaya bayan ɗaya, ranar kasuwa kuma ya bi ta rumfar masu tukwane da kuɗin asusunsa, ya ɗauko sabo a ka har gida.